Hayar Kwale-kwale, Kayak da Allon Tuƙi a Ruwan Cikin Birni: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu neman hayar ƙaramin jirgi a kogi, tafki ko haƙaƙƙiyar hanyar ruwa da ta ratsa birni. An fara da na sabon shiga, aka gangaro zuwa waɗanda sai wanda ya taɓa jiƙewa yake yin su.

Waɗanne irin jirage ake bayarwa haya, kuma wanne ya fi dacewa da wanda bai taɓa hawa ba?

Guda biyar ne aka fi samu. Akwai kayak, wanda ake zama ƙasa-ƙasa a tuƙa da filafili mai baki biyu. Na haya yakan kai mita 3 zuwa 4 a tsawo, faɗinsa santimita 70 zuwa 80. Akwai kwale-kwale mai buɗaɗɗen ciki, wajen mita 5, da ke ɗaukar mutum biyu ko uku, ana tuƙa shi da filafili mai baki ɗaya. Akwai allon da ake tuƙawa a tsaye, wanda yawanci na hurawa ne, tsawonsa kamar mita 3.2, faɗinsa santimita 80. Sai jirgin feda da ake murzawa da ƙafa kamar keke, da ƙaramin jirgi mai injin lantarki ko na fetur.

Shi kansa kayak iri biyu ne: wanda ake zura ƙafafu a cikinsa, da wanda ake zama a bisansa. Na biyun shi muke zaɓar wa sabon shiga. Cikinsa a rufe yake, yana da ramukan da ruwan da ya fantsamo ke tsiyayewa da kansa, kuma in ya kife babu abin da zai riƙe maka ƙafa. Jirgin feda ya fi kowanne wuyar kifewa, amma yana da nauyi da jinkiri, kuma iska na wasa da shi yadda ta ga dama, saboda haka wurinsa tafki ne, ba kogi mai gudu ba.

Dole ne sai na iya iyo?

Masu bayar da haya da yawa suna sa wannan sharaɗi ga kayak da allo, wasu har su ambaci nisa, kamar mita 25 ko 50. Ba gwaninta suke nema ba. So suke su tabbatar in ka tsinci kanka a ruwa ba za ka ruɗe ba. Wanda bai iya ba ya faɗi gaskiya tun a tebur, ya zaɓi jirgin feda ko tafiyar da jagora ke rakiya, ya kuma nemi rigar kariya mai ƙarfin ɗagawa sosai kamar yadda aka bayyana a amsa ta gaba. Iya iyo kuma ba ya ɗauke wa kowa sanya riga: gwanin iyo a wurin wanka daban, mutumin da ya faɗa ruwa ba shiri da tufafi da takalma daban.

Wace irin rigar kariya za a ba ni, kuma ta yaya zan san ta yi mini daidai?

Duba lambar da ke cikin rigar. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 12402 an kasa riguna mataki huɗu bisa ƙarfin ɗagawa: 50, 100, 150 da 275 na ma'aunin niyuton. Ta 50 ita aka fi bai wa masu filafili domin ba ta takura hannu, sai dai mataimakiya ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa. Ba za ta juyar da wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama ba. Daga 100 zuwa sama ne ake samun kwala mai tallafe kai.

Gwajin dacewa bai wuce daƙiƙa goma ba. Ja zif, ɗaure duk maɗaurai tun daga na ƙugu zuwa sama, sannan wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama da ƙarfi. In ta taso ta taɓa kunne ko haɓa, ta yi yawa ko ba ta ɗauru ba, kuma haka za ta taso ta rufe maka fuska a cikin ruwa. Ƙi karɓar rigar da ɗinkinta ya warware, ko sosonta ya taurare, ko maɓallinta ya tsage. A jiki ake barin ta, ba a ƙarƙashin kujera ba. Alƙaluman hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka suna nuna, shekara bayan shekara, cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse a hatsarin jiragen shaƙatawa ba sa sanye da riga.

Ina bukatar lasin ko wani izini?

Ga jirgin da ake tuƙawa da ƙarfin hannu ko ƙafa, da wuya a nemi lasin tuƙi. Abin da wasu hukumomi ke nema izinin jirgin ne kansa, kuma wannan nauyin mai bayar da haya ne. A Ingila, alal misali, yawancin haƙaƙƙun hanyoyin ruwa suna hannun ƙungiyar Canal & River Trust mai kula da su, kuma ko allo sai da izini yake hawa kansu. A Amurka, tun 2008 ake ɗaukar allon tsaye a matsayin jirgi da zarar ya fita daga wurin da aka keɓe don iyo, wato dokar riga da usur ta hau kansa. Tambayi mai haya kai tsaye ko izininsa ya game duk inda kake niyyar zuwa, domin a birni ɗaya kogi na iya kasancewa ƙarƙashin wata hukuma, tafki ko tashar jirage ƙarƙashin wata. Batun jirgi mai inji yana can ƙasa a amsarsa.

Mene ne a cikin takardar da ake sa hannu?

Abu huɗu ne suka fi jawo gardama daga baya, su za ka nema da ido: iyakar wurin da aka yarda ka je, lokacin dawowa da abin da za a caje ka in ka makara, wanda zai biya in kaya sun lalace ko sun ɓata, da abin da zai faru da kuɗinka in yanayi ya sa aka soke fita. Tambayi kuma daga yaushe agogo ke fara bugawa, daga biyan kuɗi ko daga barin gaɓa. Inda ake layi, bambancin na iya cinye rubu'in awa.

Akan karɓi kuɗin ajiya ko katin shaida. Inshorar mai haya, in yana da ita, galibi ba ta shafi wayarka, tabaranka ko makullin motarka ba. Wanda bai kai shekara 18 ba, babba ne ke sa masa hannu.

Me zan duba a jikin jirgin kafin in karɓa?

Zagaya shi sau ɗaya, ka ɗauki hoton duk wani tsagu ko ƙarzuwa a gaban ma'aikaci. A kayak, nemi toshiyar ramin zubar da ruwa da ke can baya, ka tabbatar tana nan kuma a murɗe. Wannan 'yar aba ita ce aka fi mantawa, kuma jirgin da ke shan ruwa ta nan ba ya nuna alama sai ya yi nauyi ya fara tangaɗi a tsakiyar ruwa. Ɗaga goshin jirgin: in ka ji ruwa na kai-komo a ciki, a zubar tukuna. Gyara matakin ƙafa yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa.

Allon hurawa yana bukatar iskar da aka rubuta a gefen bawul ɗinsa, yawanci 12 zuwa 15 a ma'aunin matsin iska na psi. In ka taka tsakiyarsa ya lotsa, iska ta yi kaɗan, kuma duk ƙwarewarka ba za ka tsaya daidai a kansa ba. Leƙa ƙasa ka ga fiffiken da ke hana shi karkacewa yana ɗaure. Filafilin allo a daidaita shi ya ɗara kanka da kamar santimita 15 zuwa 20. Na kayak yakan kasance santimita 210 zuwa 240, mutum dogo ko jirgi mai faɗi su ke son mai tsawo. A buɗaɗɗen kwale-kwale, kada ka tashi babu abin kwashe ruwa. Ƙarshe, karanta adadin mutane da nauyin da aka rubuta wa jirgin, ka lissafa har da jakunkuna.

Wane kaya zan sa, me zan ɗauka?

Sa kayan da ka yarda ka faɗa ruwa da su. Auduga mai kauri da wandon jins suna shan ruwa su yi nauyi, ba sa bushewa da wuri. Tufafi masu yalwa da tsawo a tattare su cikin riga yadda ba za su naɗe ƙafa ko su maƙale a jikin jirgi ba. Takalmi mai maɗauri ya fi silifas, domin ƙasan ruwan birni ba ya rasa kwalabe da ƙarafa. Ɗauki ruwan sha, wajen rabin lita ga kowace awa in ana zafi, da hula, da usur a ɗaure jikin riga. Waya ta shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa, a rataye a jikinka, ba a jikin jirgi ba: in kuka rabu da jirgin, wayar da ke cikinsa ba ta da amfani. Adana lambar mai haya kafin ka tashi, ka kuma gaya wa wani a tudu lokacin da za ka dawo.

Yaya ake shiga ba tare da kifewa ba, kuma me ya sa jirgina ke ta kewaye wuri ɗaya?

A bakin dandamali ake yawan faɗawa ruwa, ba a tsakiya ba. Durƙusa, kama gefe biyu da hannu, sa ƙafa a tsakiyar jirgi, zauna nan take. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, ɗayan na riƙe. A kwale-kwale, wanda ya fi nauyi ko ƙwarewa shi ke zama baya, domin daga baya ake sarrafa jirgi. In gaba ya fi nauyi, goshin zai nutse ya riƙa kaucewa. A kan allo, fara a durƙushe daidai kan mariƙin tsakiya, sai ka yi nisa da dandamali ka miƙe, idonka a gaba, ba a ƙafafunka ba.

Kewaye wuri ɗaya kuwa yana zuwa ne daga hannun da ya fi ƙarfi, ko riƙon filafili da ya karkata gefe guda. Ɗora filafilin kayak a ka, ka ware hannu har gwiwar hannu ta yi kusurwa madaidaiciya; wannan ne faɗin riƙo. Tsoma bakin kusa da yatsun ƙafa, ka fitar daidai ƙugu, kana juya ƙirji maimakon ja da damtse kaɗai. Ja da ya wuce ƙugu ba ya ƙara gudu, juya jirgi kawai yake yi. Tsayawa kuma da tura ruwa gaba ake yi, hagu da dama, sau uku ko huɗu. Jirgi ba shi da birki. Gwada wannan tun kana kusa da gaɓa.

Nisa nawa zan iya yi a awa ɗaya ko biyu?

Sabon shiga a ruwa mai kwanciya yakan yi kilomita 3 zuwa 4 a awa a kayak, ƙasa da haka a allo ko jirgin feda. Amma lissafin da ya fi muhimmanci shi ne na dawowa. Fara tafiya kana fuskantar iska ko gudun ruwa, domin su turo ka gida lokacin da ka gaji. Ga dalili: in kana tuƙi da kilomita 4 a awa, ruwa na gudu da 2, gangarawa za ka yi 6, hawowa kuwa 2 kacal. Gangarar minti 20 ta zama dawowar awa guda. Inda kogi ke kusa da teku, gudun ruwa na sauya alƙibla kusan kowace awa shida saboda cikowa da janyewar teku, don haka tambayi lokacin juyawar.

Wane ƙarfin iska ne ya yi yawa?

Ga sabon shiga, ƙasa da kilomita 12 a awa daɗi ne. Daga 12 zuwa 19 za ka ji aiki a hannu. Daga 20 zuwa sama, lokacin da farar kumfa ke yawaita a kan igiyoyin ruwa, a haƙura. Duba ƙarfin bugawar da ke zuwa jefi-jefi, ba matsakaici kaɗai ba, kuma ka sani dogayen gine-gine da gadoji suna matse iska su ƙara mata ƙarfi a wasu lunguna.

Mafi yaudara ita ce iskar da ke tasowa daga tudu zuwa cikin ruwa. Bakin gaɓa lumui yake, fita ba wuya, sai ka waiwaya ka ga dawowa ta gagara. Mai allo ya fi kowa shan wannan wahala, domin jikinsa a tsaye tamkar tanti ne da iska ke turawa. In ta kama ka, durƙusa ka rage riƙon filafili. In ta ƙi, kwanta rub da ciki, filafili a ƙarƙashin ƙirji, ka tuƙa da hannu zuwa gaɓa mafi kusa, ko da ba nan ka taso ba.

Wane hannu ake bi, kuma yaya zan yi da manyan jirage?

Dama ake bi, ko a ƙasashen da motoci ke bin hagu. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun ce a ƙuntatacciyar hanya kowane jirgi ya riƙe gefen damansa, kuma jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa wanda ba zai iya fita daga zurfin hanya ba. Dokokin koguna da yawa a kan wannan aka gina su. Babban jirgi na bukatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, kuma matuƙinsa ba ya ganin abin da ke dab da goshinsa. In ba ka hango tagar matuƙi ba, shi ma bai gan ka ba.

Koyi odarsu: gajeren busa ɗaya, zai karkata dama, biyu, hagu, uku, injinsa na ja da baya, biyar ko fiye a jere, bai gane nufinka ba, ka kauce. Tsallaka hanya a miƙe, ta bayan jirgi, ku duka a dunƙule. Igiyar ruwan da ya bari kuma a tare ta da goshi ko a ɗan karkace, kana ci gaba da tuƙi. In ta same ka a gefe, ita ke kifarwa. Kusa da bangon siminti igiyar na dawowa ta haɗu da mai zuwa, ruwa ya rikice, saboda haka bar tazara.

Me ya sa ake ta gargaɗi kan ƙananan madatsu da gadoji?

Domin a ruwan birni abin da mutum ya gina ya fi abin da Allah ya halitta kisa. Ƙaramar madatsar da ruwa ke malala ta samanta, ko da tsayinta bai kai mita ɗaya ba, tana haifar da ruwa mai juyawa a gindinta: ya danna mutum ƙasa, ya taso da shi, ya mayar da shi jikin bango, ya sake dannawa. Ruwan cike yake da kumfa, don haka ko riga ba ta ɗagawa yadda ya kamata. Daga sama kuma ba a ganin ta, sai wani miƙaƙƙen layi a kan ruwa da ƙara mai zurfi. A Oktoba 2021 mutum huɗu masu allon tsaye suka rasu a irin wannan madatsa a kogin Cleddau, a garin Haverfordwest na yankin Wales, bayan ruwan sama mai yawa. Kafin ka tashi, a nuna maka a taswira inda kowace madatsa take da inda ake fita a zagaye ta a ƙasa. Kada ka kusance ta ta sama, kada ka kusance ta ta ƙasa.

A gada, ruwa na matsewa tsakanin ginshiƙai ya ƙara gudu. Saita jirgi tun daga nesa, ka bi tsakiyar ƙofar da aka ware. Bishiyar da ta faɗi cikin ruwa da jirgin da aka ɗaure a gefe suna aiki kamar rariya: ruwa ya wuce ta ƙasa, mutum ya maƙale. In gudu ya kai ka jikin irin wannan, jingina zuwa gare shi, ba nesa da shi ba. In ka karkata wajen da ruwa ke tahowa, zai hau gefen jirgin ya kifar nan take. Ɗakunan ƙofofi da ke ɗaga jirage daga mataki zuwa mataki kuwa, yawancin masu haya ba sa yarda a shiga, ɗauka ake yi a zagaya.

In ɗaura igiyar allo a ƙafa ko kada in ɗaura?

Ya danganta da ruwan. A tafki ko ruwan da ba ya gudu, ɗaura a idon sawu, domin allon da ya kuɓuce iska na tafiya da shi fiye da saurin iyonka. A ruwa mai gudu kuwa igiyar ƙafa tarko ce: in ta sarƙe da ginshiƙi ko sarƙar wani jirgi, gudun ruwa zai miƙar da kai ƙarƙashi, hannunka ba zai kai idon sawu ba. Nan ɗamarar ƙugu mai saurin kwancewa ake amfani da ita, wadda jan ƙulli ɗaya ke sakin ta. Gwada jan sau biyu a tudu, ido a rufe.

In jirgi ya kife fa?

Riƙe jirgin da farko, filafili na biyu. Jirgi ya fi kan mutum saurin ganuwa, kuma yana iyo. Ƙirga abokan tafiya. Kayak na zama a bisa: juyar da shi, tsaya daidai tsakiya, bar ƙafafu su taso bayanka, buga ruwa ka ja ciki ya hau, sannan ka mirgina ka zauna. Haka ma allo. Buɗaɗɗen kwale-kwale da kayak na zura ƙafa suna cika da ruwa, komawa cikinsu sai da horo. Tura su zuwa gaɓa ya fi. A ruwa mai gudu, koma gefen da ruwa ke tahowa don kada jirgin ya matse ka da wani abu, kuma kada ka miƙe tsaye sai ruwa ya gaza gwiwa, saboda ƙafa na iya maƙalewa. Busa usur sau uku, ka maimaita. Ka tuna gaɓar birni sau da yawa bango ne a miƙe, don haka riƙa lura da matakala da tsani tun kana wucewa.

Ana rana, me ya kawo maganar sanyin ruwa?

Iska na ɗumama da wuri, ruwa na jinkiri, kuma ruwa na zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Ƙasa da digiri 15 na Salsiyos, faɗawa ba shiri na sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba. In kai na ƙarƙashi a lokacin, ruwa ya shaƙa. Wannan firgici na lafawa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Kada ka yi iyo a lokacin: kwanta rigingine, ware hannu, jira numfashi ya daidaita. Bayan nan, a ruwa mai tsananin sanyi, kana da kamar minti 10 kafin yatsu su daina riƙo, sai ka yi amfani da su wajen hawa jirgi. Tambayi zafin ruwan, ba na gari ba.

Ruwan birni yana da tsabta kuwa?

Ba kullum ba. A birane da yawa magudanar ruwan sama da ta bayan gida haɗe suke, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai su tumbatsa cikin kogi. Bari kwana biyu su wuce. Kogin ma a lokacin ya fi gudu da tarkace. Rufe duk wani rauni da filasta, kada ka ci abu sai ka wanke hannu, ka yi wanka in ka koma. Fitsarin ɓera na ɗauke da cutar leptospirosis, wadda ke shiga ta rauni, ido ko baki. In zazzaɓi, ciwon kai da ciwon tsoka suka taso cikin wata guda bayan fita, gaya wa likita ka shiga ruwa. A ƙasashe masu zafi akwai kuma tsargiya a ruwan da ke kwance. Ruwan da ya yi kore shar kamar an zuba fenti, a nisance shi, yara da dabbobi musamman.

Zan iya zuwa da yara?

Za ka iya, in akwai rigar da ta dace da nauyin yaron, mai kwala da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Rigar manya a jikin yaro zamewa take yi. Yaro ya zauna a tsakiya ko a gabanka inda kake ganinsa, babba ɗaya ga ƙaramin yaro ɗaya, kuma ba a ɗaure yaro da jirgi ko a goye shi. Mafi ƙarancin shekaru ya bambanta daga mai haya zuwa wani. Tambaya kafin ka biya.

Hadari ya taso, ko duhu ya kama ni a hanya?

Da jin tsawa, fita daga ruwa a gaɓa mafi kusa, ka kira mai haya daga can. Ƙara na tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3, don haka daƙiƙa 30 tsakanin walƙiya da tsawa na nufin kilomita 10 ne kawai, kuma aradu na kaiwa nan. Jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Da dare, mafi ƙarancin abin da doka ke nema ga jirgin filafili shi ne farar fitila ko tocila da za a haska da wuri don kauce wa karo. Fitilun birni da ke walƙiya a kan ruwa suna ɓoye ƙaramin jirgi ƙwarai.

Jirgi mai inji fa, da me ya bambanta?

Nan ne batun lasin ke shigowa, kuma kowace ƙasa da ma'auninta. A Faransa ana neman lasin in inji ya wuce ƙarfin doki 6. A Holan, in jirgi ya wuce mita 15 ko yana iya gudun fiye da kilomita 20 a awa. Shi ya sa jiragen haya na cikin birni galibi ƙananan masu lantarki ne da aka taƙaita gudunsu. In akwai igiyar kashe inji, ɗaura ta a ƙafa ko a riga duk lokacin da inji ke aiki, domin in ka faɗa injin ya mutu maimakon jirgin ya kewayo kanka. Kashe inji gaba ɗaya kafin a ciro wani daga ruwa. Matso dandamali a hankali, kana fuskantar iska ko gudun ruwa, kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango. Duba ma'aunin batir ko mai a rabin lokaci, ka rage gudu kusa da masu filafili, domin igiyar ruwan da ka tayar alhakinka ce. Barasa ita ce kan gaba a sanannun musabbaban mutuwa a jiragen shaƙatawa a ƙididdigar Amurka, kuma mai haya na da ikon hana wanda ya sha.

Na makara, ko na lalata wani abu. Me zan yi?

Kira tun kafin lokaci ya cika. Mai haya da bai ji daga gare ka ba zai iya tayar da masu ceto, kuma wannan ya fi tarar makara tsada. In gajiya ko iska ta hana ka dawowa, fita a inda ya samu, ja jirgin sama da bakin ruwa, ka faɗi sunan gada ko ginin da ke kusa. Filafilin da ya karye ko fiffiken da ya ɓalle, kawo gutsuren ka nuna. Tsagun da ka ɓoye, wanda zai karɓi jirgin bayanka ne zai gano shi a tsakiyar ruwa. Tsaya a duba kayan a gabanka, a gwada da hotunan da ka ɗauka da farko, sannan ka karɓi ajiyarka da katinka.